CINIKI YA FAƊA, DON ME ZA A ƘARA KUƊI?

Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi, a dandali ko a zaure, domin maganar nan ta shafi aljihun kowa.

Babu manomin da bai san jinga ba. Ka kira ɗan ƙwadago, ku zaga gona tare, ku yi cinikin huɗa, ya ce ya sallama. To, in ya kai tsakiyar gona ya jingine garma, ya ce hatsi ya yi tsada a kasuwa sai ka ƙara masa, me za ka ce da shi? Kai ma in ka rage masa ko kwabo bayan ya gama, ƙara zai kai ka. A gaban kowane dagaci hukuncin ɗaya ne: abin da aka sallama a bakin gona, shi za a biya a ƙarshen kunya.

Wannan doka da talaka ke bi tun kaka da kakanni, ita ce manyan kamfanonin waya da intanet suka ce ba ta hau kansu ba.

Bari mu fara da Ingila, don a can ne aka fi gwanancewa da wannan dabara. A can mutum yakan sa hannu a takarda cewa zai sha intanet na kamfani ɗaya har wata 18 ko wata 24, yana biya wata-wata. In ya ce zai fita kafin wa'adi ya cika, sai ya biya tara mai nauyi. Shi an ɗaure shi ke nan. Amma kamfani fa? Can ƙasan takarda, cikin ƙananan baƙaƙen da sai da tabarau, kafin 2025 sukan rubuta cewa kowace shekara za su ƙara kuɗi daidai da tsadar kaya, sa'an nan su ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai. Wa ya san yadda tsadar baɗi za ta kasance? Babu. Ashe mutum ya sa hannu a kan kuɗin da shi kansa bai sani ba. A 2023, da tsada ta yi tsanani, kamfanin BT ya ƙara kashi 14.4 cikin ɗari a tashi ɗaya. Mai biyan fam 30 a wata ya wayi gari yana biyan fam 34 da ɗoriya, kuma ba shi da ƙofar fita.

Mutanen can ba su yi shiru ba. Suka yi ta kuka har hukumar da ke kula da kamfanonin, mai suna Ofcom, ta kafa doka: daga ranar 17 ga Janairu 2025, duk sabon cinikin da za a ƙulla, tilas kamfani ya faɗi ƙarin da zai yi a fili, fam kaza da kwabo kaza, tun kafin a sa hannu. In kuma ya ƙara fiye da abin da aka rubuta, sai ya ba mutum sanarwar kwana 30, mutum ya fita ba tara. Dokar ba ta hana ƙarin ba, kuma a ganinmu nan ta gaza. Amma dai an fito da wuƙar daga cikin riga, kowa yana ganinta.

Yanzu ku riƙe wannan rana, 17 ga Janairu. Kwana uku bayanta, ranar 20 ga Janairu 2025, hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta ba kamfanonin waya izinin ƙara kuɗin kira da na saƙo da na data har kashi 50 cikin ɗari. Su ninki suka nema, aka ba su rabi, wai mu yi godiya. Saƙon da ake aikawa a Naira 4 ya koma Naira 6. A watan Fabrairu, MTN ya ɗaga wata data ta mako daga Naira 2,000 zuwa Naira 6,000. Ninki uku! Sai da ƙasa ta ɗauki hayaniya suka fito suna ba da haƙuri. Wa ya zo ƙauyenku ya tambaye ku kafin a yi? Wa ya yi shela a kasuwa ko a rediyo da harshen da kuke ji?

Wani zai ce, ai mu kati muke saya, ba mu sa hannu a takardar wata 24 ba. Gaskiya ne. Amma ɗauri iri-iri ne. Yaron da ke sana'ar POS a bakin tasha, da mai shagon da ke cike wa ɗalibai takardun jarrabawa, da malamin asibitin karkara, kowannensu ya sayi na'urar intanet da kuɗinsa, wadda sau da yawa ba ta karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar da ita. In kuɗin wata ya tashi, ina za shi? Ya jefar da na'urar? Tun 2013 aka ba da damar mutum ya sauya kamfani da lambarsa, to amma a ƙauyen da ƙarfen sabis ɗaya ne tak, shi ma sai ka hau tudu, wa za ka sauya zuwa gare shi? Ga shi yau ba a karɓar kuɗin da ɗanka ya aiko daga Legas ko Fatakwal sai da waya, ba a jin farashin masara a Dawanau sai da waya. Abin da ba ka iya bari, mai shi ya san ya riƙe ka a wuya.

Kada kuma a ce hukuma ba ta da ƙarfi. A watan Oktoba 2024 kamfanin Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya ɗaga kuɗin wata daga Naira 38,000 zuwa Naira 75,000, bayan mutane sun riga sun zuba dubban ɗaruruwa wajen sayen faifansa. NCC ta ce ba da izininta ba, kamfanin ya dakatar da ƙarin a lokacin. Ashe in an ga dama ana iyawa.

Kamfanoni suna da tasu hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Sun ce man da injinansu ke sha ya yi tsada, Naira ta faɗi, ɓarayi na sace musu kaya, kuma tun 2013 ba a taɓa farashin ba. Mun ji. Amma tsadar nan su kaɗai ta sama? Manomin da taki ya gagare shi, wa ya ba shi izinin ƙara kashi 50? Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ɗan kasuwan da ya yi alkawarin wata shida ko shekara ya san kasuwa tana hawa tana sauka. In ta sauka ribarsa ce, in ta hau ya ɗauki kayansa. Sabon farashi a bari sai sabon ciniki.

Akwai doka a ƙasar nan ta kare mai saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, da hukumarta, FCCPC. Dokar ta ce a yi wa mai saye bayani da maganar da zai gane, ta kuma hana sharaɗin zalunci a ciniki. Amma talakawa nawa suka taɓa jin sunanta? Tana Abuja, mu muna nan.

Don haka ga abin da muke so wakilanku su kai majalisa. Duk farashin da aka sayar wa mutum da shi ya tsaya har wa'adinsa ya cika. Duk ƙarin da za a yi, a yi shelarsa wata guda kafin ranar, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunanmu. Wanda bai yarda ba ya fita ba tara, a kuma buɗe masa na'urarsa ta karɓi layin da ya ga dama. Datar da ka biya ba ka shanye ba, kada a share ta don wata ya mutu. Wa ya taɓa sayen buhun gero aka zo aka kwashe ragowar ranar talatin?

Kafin nan, in an cuce ka, fara kai kuka ga kamfanin, ka riƙe lambar ƙarar da za su ba ka. In ba su share maka hawaye ba, kira 622, layin NCC ne, kyauta ne. Saƙonnin tallan da suke damunka kuma, aika STOP zuwa 2442.

Masu neman ƙuri'a suna nan tafe da motoci da lasifika. Duk wanda ya tsaya a dandalinku, ku bar shi ya gama jawabinsa, sa'an nan mutum ɗaya ya miƙe ya ɗaga wayarsa sama, ya tambaye shi inda yake ranar 20 ga Janairu 2025, da abin da ya ce a kai.