Mai kat-kat a Gugaram, ka san motarka tun a gida kafin ta tsaya da kai a daji



Yau maganar mota za mu yi, kat-kat mai buɗaɗɗen baya, Hilux da Land Cruiser. A nan wajenmu ita ce motar kasuwa, ita ce tankin ruwa, ita ce ke ɗaukar awaki da buhunan gero, kuma ita ce motar asibiti ranar da haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare. Tun da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakatan a 2014, motocin nan sun ƙaru a hannun matasanmu. Masu tuƙi sun yi yawa, amma masu sanin abin da ke ƙarƙashin bonet ba su ƙaru yadda ya kamata ba.

Ra'ayinmu a fili yake: duk wanda ya mallaki kat-kat a wannan yanki, wajibi ne ya iya ƙananan gyare-gyare da hannunsa a ƙofar gidansa, kuma wajibi ne ya san inda iyawarsa ta tsaya. Wannan ba rowar kuɗin makanike ba ce, tsaron rai ne.

A Yamai ko Maraɗi, idan mota ta mutu, mutum ya tura ta gefen titi ya kira makanike, ya sha shayi kafin ya iso. Mu nan fa? Gareji mai kayan aiki sai Arlit, wani kayan gyaran kuma sai Agadas, kusan kilomita 240 daga Arlit, a kan hanyar uraniyum da kowa ya san yadda gudron ɗinta ya ci ƙasa. Tsakanin nan da can akwai wuraren da babu rijiya, babu inuwa, babu rezo. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Allah ya jiƙansu. Ajali na Allah ne, amma malamai sun koyar da mu cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa.

To me mutum zai iya yi a gida? Mu fara da babban maƙiyin inji a ƙasarmu, wato ƙura. Filtar iska ita kaɗai ce tsakanin yashi da cikin inji. A ciro ta a kai a kai, a kakkaɓe ta a hankali, idan za a hura mata iska a hura daga ciki zuwa waje. A ɗaga ta a rana a duba, in an ga huda ko yagewa ko da ƙarama ce, ta gama aiki. Yashin da ya wuce ta wannan huda yana goge cikin silinda kamar dutsen wasa wuƙa, bayan 'yan watanni mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, a ce wai maita ce. Kafin a mayar da filta a goge cikin gidanta da tsumma mai ɗan laima, a tabbata murfin ya zauna daidai.

Na biyu, mai. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu gazwal da esans na bidon muke sha. Bidon ɗin ya sha rana, ya sha ƙura, wani lokaci har da ruwa a gindinsa. A tace mai da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki, kuma kada a juye ɗigon ƙarshe na bidon. Motocin gazwal suna da wurin tara ruwa a ƙasan filtar mai, da ɗan abin murɗawa da ake sassautawa ruwan ya zube. Aikin minti biyar ne, amma yana kare fanfon gazwal wanda gyaransa ke cin ɗaruruwan jikkuna. Filtar mai guda ɗaya sabuwa ta riƙa kwana a mota.

Na uku, baƙin mai. A irin zafinmu da ƙurarmu da lodinmu, bidanji a kowane kilomita 5,000 shi ne hankali, tare da canza filtarsa. A riƙa jan sandar awo da safe kafin a tayar da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai. A samu ɗan littafi a rubuta kilomita da rana. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, takarda ba ta yi.

Na huɗu, ruwan radiyata. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana barin farin dutse a cikin ƙananan hanyoyin radiyata har su toshe. Wanda ya samu ruwan sanyaya inji na kanti ya sa shi, wanda bai samu ba ya nemi ruwa mafi tsabta. A matsa tiyo-tiyo da hannu a ji ko sun bushe ko sun kumbura, a duba bel ɗin fanka ko ya fara tsagewa. Kuma don Allah kada a buɗe murfin radiyata inji na da zafi. Tafasasshen ruwa ne zai yi tsalle ya wanke fuska.

Na biyar, ƙafafu da ƙasan mota. A yashi ana rage iskar taya don mota ta yi iyo a kai, amma in an hau duwatsun Ayar da taya mai laushi, gefenta dutse zai yanka. Don haka fanfon iska ba kayan ado ba ne. Girgizar hanya tana kwance noti, saboda haka a bi notin tayoyi da na lam da na batir da kile kafin kowace doguwar tafiya. Lam da ya tsage a gida ake ganinsa, in an bar shi a tsakiyar kori zai karye, da lodin mutum ashirin a sama.

Mun san abin da makanikai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu: mota nawa aka kai musu bayan mai ita ya kwance abin da bai iya mayarwa ba? Shi ya sa muka ce a san iyaka. Tsofaffin injuna irin 1HZ na Land Cruiser da 5L na Hilux suna da haƙuri, ba kwamfuta ke tafiyar da su ba. Amma sababbin Hilux masu D-4D suna tura gazwal da ƙarfin da ɗigonsa zai iya huda fatar mutum, kuma ciwonsu sai an jona na'ura ake gane shi. Fanfon gazwal, injekta, cikin giya, da duk abin da ya shafi birki da sitiyari fiye da dubawa, a bar wa masu sana'ar. Bidiyon YouTube da aka ɗauka a gareji mai siminti a Turai ba zai riƙe maka mota ba in ta zame. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota kirik kaɗai na riƙe da ita a kan yashi. A sa katako mai faɗi a ƙarƙashin kirik, a tokare tayoyi da duwatsu, a tura tayar sukur ƙarƙashin mota.

Akwai abu biyu da gyaran gida ke jawowa waɗanda suka shafi kowa, har wanda ba shi da mota. Na farko, tsohon baƙin mai. Zuba shi a ƙasa ko a kori zuba shi ne a rijiya, domin ruwan da muke sha da dabbobinmu da lambunanmu daga ƙarƙashin korin nan yake fitowa. A tara shi a bidon a rufe, nesa da yara. Na biyu, tsofaffin ƙarafa. Matasa suna son yi wa motocinsu waldar keji da mazaunin bidon, kuma ƙarfe mai araha a kasuwar Arlit ake samunsa. Mu tuna cewa ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, da CRIIRAD ta Faransa, da Greenpeace a rahotonta na 2010, duk sun yi gargaɗi a kan ƙarafan da suka fito daga ma'adinai ɗauke da burbushin uraniyum. Ido ba ya ganin wannan guba. Ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, kada ka ɗora shi inda iyalinka za su zauna.

Yanzu ga abin da muke roƙo. Tun da Cominak ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, akwai dattawa a Akokan da Arlit da suka yi shekaru suna gyaran manyan injuna, yau suna zaune da iliminsu a ka. Me zai hana hukumomin Gugaram da shugabannin direbobi su gayyato biyu ko uku daga cikinsu, su yi wa matasa kwana uku suna nuna musu waɗannan abubuwa a kan mota ta gaske? Ba sai an jira wani furoje daga waje ba. Inuwa, tabarma, shayi, da ɗan abin hasafi daga aljihun masu motoci sun isa. Haka kuma masu kat-kat na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi akwatin kile da fanfon iska da kirik mai kyau, a ajiye wurin mutum ɗaya amintacce.

Mu fasinjoji ma muna da haƙƙi. Kafin ka hau, ka tambayi direba: akwai tayar sukur? Akwai ruwa nawa? Wa ya san hanyar da za mu bi da lokacin da za mu isa? Akwai Thuraya ko wata motar da za a jera da ita? Direban kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi, ka sauke kayanka ka jira wata motar.

Iyayenmu da suka yi ayarin gishiri zuwa Bilma ba su taɓa tashi ba sai sun duba tafin kowane raƙumi da doronsa da salkar ruwa. Raƙumin ne ya koma ƙarfe, hamadar tana nan yadda take. Ku faɗa mana abin da kuke dubawa kafin tafiya, dattawan direbobi su ƙara mana da abin da suka sani. Allah ya tsare hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.