Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi

 

Tun da hukumarka ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta NCAIR a Abuja a 2020, an ga motsi. A 2023 ma'aikatarku ta ware naira miliyan biyar-biyar ga masu bincike da ƙananan kamfanoni 45, a 2025 kuma aka fito da manhajar N-ATLAS mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo. Madalla. Sai dai tallafi yakan ƙare cikin 'yan watanni, shi kuwa bincike sana'a ce ta shekaru. Kokena a kan masu son yin wannan sana'a ne ta fuskar adabi da waƙa, waɗanda har yau ba su da gurbi.

Ka sa na'ura ta rubuta maka waƙar Hausa. Amsa-amo zai fito daidai, baitoci su jeru gwanin sha'awa. Ka miƙa wa mawaƙi ya rera, kafin ya kai ɗango na uku ya tsaya, domin waƙar na ɗingishi. Rubutacciyar waƙa irin ta su Aƙilu Aliyu da Sa'adu Zungur tana tafiya ne bisa ma'aunin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, alhali rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali, ba ya nuna karin sauti. Daga wannan rubutun na'ura ta yi karatu, don haka abin da kunne ke ji bai taɓa isa gare ta ba. Gyaran wannan sai an zaunar da masanin kwamfuta da masanin harshe da mawaƙi a ɗaki guda, shekara da shekaru.

To wa zai yi digirin digirgir a kai, kuma a wane sashe? Na san wata matashiyar malama a wata jami'a da ta gwada. Sashen kwamfuta suka ce adabi ne, sashen harsunan Nijeriya suka ce injiniyanci ne. Dubban baitocin da ta zauna ta yi wa alamar wasali da hannu, kwamitin ƙarin girma bai ba su ko maki ɗaya ba, muƙala kawai yake ƙirgawa.

Ba masu iyawa muka rasa ba. Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ne ya jagoranci aikin tara bayanan harshe na NaijaSenti a 2022, ga kuma matasan HausaNLP da Masakhane, da yawansu aikin sa-kai suke yi. Tunda hukumar TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga 2025, dole gurbin ya samu a gida.

Roƙona shi ne NCAIR ta buɗe guraben bincike na shekara uku, da albashi, kowane ɗalibi da masu duba aiki biyu daga sassan kwamfuta da na harsuna. Ka kuma zauna da hukumar jami'o'i ta NUC da shugabannin jami'o'i, a riƙa lissafa tara bayanan harshe cikin aikin ilimi. Na san wannan ba huruminka ba ne kai tsaye, amma idan ka yi magana za a saurara.

Marubutan littattafai da mawaƙan Kannywood da za a ɗebi ayyukansu don koyar da na'ura kuwa, a nemi izininsu kamar yadda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanada, a biya su, a sa sunayensu cikin masu binciken.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin Hausa, Abuja