Wa Ya Biya Kuɗin Arzikin Amurka?

A watan Oktoba na 1825 aka buɗe hanyar ruwan Erie, wadda aka haƙa tsawon mil 363 daga Albany zuwa Buffalo a jihar New York. Kafin a haƙa ta, ɗaukar tan guda na kaya daga Buffalo zuwa birnin New York yakan ci kusan dala 100. Da jirage suka fara bin ta, kuɗin ya faɗo zuwa wajen dala 10. Alkamar manomin Ohio ta samu kasuwa, New York ta shige gaban sauran tashoshin ruwan ƙasar, kuma kafin 1860 an shimfiɗa layin dogo da ya kai mil 30,000. Yadi ya yi arha har talaka ya samu rigar canji. Duk wannan gaskiya ne, ban zo musu a kai ba.

Abin da ya hana ni sakin jiki da labarin shi ne yadda ake yin lissafinsa. Mai ba da tarihin yakan karanta shafin riba da babbar murya, in ya zo shafin hasara sai ya ce ai ci gaba ba ya samuwa a banza, kamar dai kowa ya zuba nasa kason daidai da na ɗan'uwansa. Alhali masu biya daban, masu ci daban, kuma mafi yawan masu biyan ba a nemi yardarsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A fara da auduga, domin ita ta ɗauki nauyin komai. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, wanda ya sa raba ta da gurya ya daina cin yini guda a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1790 abin da Amurka ke nomawa bai wuce dila dubu kaɗan ba. A 1860 ya kai wajen dila miliyan 4, kuma ita kaɗai ta fi rabin kuɗin duk kayan da ƙasar ke fitarwa waje. To, auduga tana son ƙasa, tana son hannu. Daga ina aka samo su?

Ƙasar tana da masu ita. A 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasar daga kudu maso gabas zuwa hayin kogin Mississippi. A shekarar nan aka sa al'ummar Choctaw suka sallama eka wajen miliyan 11 a jihar Mississippi, ƙasar da ta zama gonakin auduga cikin 'yan shekaru. Creek da Chickasaw ma haka aka yi da su. Cherokee kuwa sun bi hanyar shari'a, har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1832, amma duk da haka sojoji suka tasa su a gaba a 1838. An ƙiyasta mutum 4,000 ne suka mutu, wasu a sansanonin da aka tsare su, wasu a hanya cikin hunturu. Duk littafin da ya ce Amurka ta yi sa'ar samun ƙasa mai arha, ya kamata ya faɗi abin da ya sa ta yi arhar.

Hannun kuwa na bayi ne. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000. Ta 1860 ta nuna kusan miliyan 4. Tun 1808 doka ta hana shigo da bayi daga Afirka, sai fataucin ya koma cikin gida. Kusan mutum miliyan guda aka kwasa daga tsofaffin jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa sababbin gonakin Alabama da Mississippi da Louisiana. Kamfanin Franklin da Armfield na Alexandria yana tara mutane a gidan tsaro, ya tura wasu ta jirgin ruwa zuwa New Orleans, wasu a ƙafa, ɗaure da sarƙa, har Natchez. Mai saye yana son matashi mai ƙarfi, bai damu da uwarsa ko matarsa ba, saboda haka kasuwar ta tsinka aure da zumunci ba adadi.

Solomon Northup, wanda ɗa ne ba bawa ba amma aka sace shi aka sayar a Louisiana, ya bayyana yadda yinin gona ke ƙarewa a littafinsa na 1853. Da duhu ya yi, kowa zai ɗauko kwandonsa zuwa wurin awo. Abin da ake sa ran mutum ya tsinka a yini ya kai fam 200. In sikeli ya nuna ka gaza, bulala ce. In ka zarce, gobe sabon adadin ne ma'auninka. Masana sun gano cewa abin da bawa guda ke tsinka a yini ya ninka wajen sau huɗu tsakanin 1800 da 1860. Wasunsu sun ce ingantaccen iri ne sanadi, wasu sun ce duka ne. Ni dai ina ganin ko da irin ne, wanda ya sunkuya daga asuba zuwa almuru bai ga ko kwabo daga ƙarin ba.

Kada kuma a ɗauka wannan lamarin kudu ne kawai, arewa tana can da tsabtarta. Masaƙun Massachusetts audugar nan suke kaɗawa. Masaƙun Rhode Island suna saƙa wani kaushin yadi musamman don a sayar wa masu gonaki su tufatar da bayi. 'Yan kasuwar New York ke ba da bashi, su yi inshora, su ɗauki kayan zuwa Liverpool. A Louisiana an kafa bankunan da ke karɓar bayi a matsayin jingina, a sayar da takardun bashin a Landan. A 1860 kuɗin da aka yi wa bayin Amurka ya kai dala biliyan 3, fiye da duk jarin da ke cikin layin dogo da masana'antun ƙasar a haɗe.

A arewar ma, masana'anta da yara ta fara. Samuel Slater ya baro Ingila a 1789 da tsarin injin kaɗi a kansa, ya kafa nasa a Pawtucket a 1790, kuma ma'aikatansa na farko yara ne 'yan shekara 7 zuwa 12. Attajiran Boston da suka bi sahun mai masaƙa Francis Cabot Lowell sun so su nuna cewa su ba irin Manchester ta Ingila za su gina ba. Suka ɗebo 'yan matan ƙauyukan New England, suka gina musu gidajen kwana ƙarƙashin kulawar dattijai mata, da dokar shiga gida ƙarfe 10 na dare da zuwa coci ranar Lahadi. Baƙi daga Turai sukan zo garin Lowell da suka gina su yaba. Ba shakka 'yan matan sun riƙe kuɗin kansu a karon farko, wasu sun biya wa 'yan'uwansu maza makaranta, wasu sun yi rubutu a mujalla.

Amma a leƙa cikin ɗakin saƙar. Ƙararrawa ke tayar da su tun kafin gari ya waye, da bazara su kama aiki ƙarfe 5 na asuba su tashi 7 na yamma, da hutun rabin awa sau biyu don cin abinci a guje. A matsakaici awa 73 ne a mako, kusan duk a tsaye. Tagogi a rufe suke ruf, domin in iska ta bushe zare yakan tsinke, saboda haka ƙurar auduga da hayaƙin fitilun mai duk a huhunsu suke sauka. Da gasa ta yi zafi sai aka ƙara wa injuna gudu, aka ƙara wa kowace mace yawan injin da take tsaro. A 1834 aka rage lada, suka fita yajin aiki, ba su yi nasara ba. A 1836 aka ƙara kuɗin kwana da abinci, suka sake fita. Wadda aka kora da sunan taurin kai, sunanta zai zaga sauran masaƙu, ba mai ɗaukarta. A 1845 Sarah Bagley da ƙungiyarta suka kai koke majalisar jihar Massachusetts suna neman a tsaida aiki a awa 10. Kwamitin majalisa ya saurare su, ya ce ba hurumin doka ba ne. Sai 1874 Massachusetts ta yi wa mata da yara wannan dokar, lokacin da 'yan matan ƙauyen sun daɗe da barin wurin ga baƙi 'yan Ireland da yunwa ta koro, waɗanda ba su da gonar uba da za su koma.

Masu sana'ar hannu ma sun ji a jikinsu. A garin Lynn, baduku da a da yake da rumfarsa da almajiransa ya koma ɗan ƙwadagon dillalin takalma, ana biyansa a kan guntun aikin da aka yanka masa. A Fabrairun 1860 dubbai suka ajiye aiki, yajin da ya fi kowane girma a Amurka kafin yaƙin basasa.

Kasuwar da ta haɗa kowa, ta kuma haɗa su a faɗuwa. A 1819 farashin auduga ya karye, bankuna suka bi bashi, gonaki suka salwanta. A 1836 kaɗai gwamnati ta sayar da eka miliyan 20, akasari da kuɗin takarda na aro; a 1837 abin ya rushe. Kafin ƙarshen 1842 jihohi takwas da yankin Florida sun kasa biyan bashin da suka ci don haƙa hanyoyin ruwa da kafa bankuna. Mai gonar da ya ci bashi a Mississippi, hanyar biyansa ita ce ya kai bayinsa kasuwa.

Mai kare wannan zamani zai ce, to ai a ƙarshe lada ya ƙaru, kowa ya amfana. A jimla haka ne, kuɗin shiga ya hau. Sai dai jikin mutane ya ba da wata shaidar. Masanan da suka bi takardun awon sojoji sun gano cewa mazan da aka haifa a Amurka bayan 1830 sun fi iyayensu gajarta da kusan inci guda, kuma tsawon rai ya ragu a shekarun. Abinci ya bi kuɗi zuwa nesa, birane sun cika babu ruwa mai tsabta, cuta ta samu hanyar tafiya. Kwalarar 1832 ta bi hanyoyin ruwan nan da jiragen kaya ke bi, ta kashe mutum wajen 3,500 a birnin New York kaɗai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda doka da kanta ta zaɓi wanda zai ɗauki hasara. Nicholas Farwell direban jirgin ƙasa ne a layin Boston zuwa Worcester, ladansa dala 2 a yini. A 1837 wani abokin aikinsa ya bar mahaɗar layi a karkace, jirgi ya kauce, ƙafar tarago ta murƙushe masa hannun dama. Ya kai kamfani ƙara. A 1842 alƙalin alƙalan jihar Massachusetts, Lemuel Shaw, ya yanke cewa kamfani ba shi da alhakin sakacin abokin aiki, domin wanda ya karɓi aikin ya karɓe shi da haɗarinsa, kuma ladansa ya riga ya ƙunshi kuɗin haɗarin. Kotunan sauran jihohi suka ɗauki hukuncin suka yi ta aiki da shi shekaru da dama. Ranar 10 ga Janairun 1860 masaƙar Pemberton mai hawa biyar da ke Lawrence ta rufta kan ma'aikata saboda ginshiƙan ƙarfenta marasa inganci ne, wuta ta kama baraguzan da mutane a ƙarƙashi, aƙalla 88 suka mutu, mafi yawansu mata. Ba a hukunta kowa ba. Sai a 1911 Massachusetts ta yi dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki.