Direba ba direba ba ne, ku daina ɗora wa NEPA laifi

Sau uku na koma shago ɗaya a kasuwar Sabon Gari saboda fitila guda, kuma sau ukun nan yaron shagon bai juya kayan da yake sayarwa ya karanta abin da aka rubuta a bayansu ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ya fi kuɗin da na yi asara.

Fitilar ta zauren gidanmu ce, inda yara ke karatu bayan magariba. Na sayi ƙananan ƙwayayen LED guda 10, masu wat ɗaya ɗaya, na jera su kamar carbi a kan farantin alminiyam, na haɗa da dalma. Saura direba, ɗan akwatin nan da ke karɓar wutar gida ya mayar da ita irin wadda ƙwan zai iya sha, wanda wasu masu wayarin ke kira cok. Na ce wa yaron ga abin da na haɗa. Ya ce, "Alhaji, wat nawa?" Na ce goma. Ya miƙo mai wat 12, ya ce, "Ai direba direba ne."

Na je gida na jona, ko ƙyalli babu.

Ga dalili, kuma ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Farin ƙwan LED yana bukatar abin da ya kai bolt 3 ko ɗoriya kaɗan kafin ya kama. Idan ka jera goma, bukatar tana taruwa, ta haura bolt 30. Abin da ya ba ni kuwa na fitilar tsiri ne, irin wadda ake liƙawa a silin, bolt 12 yake fitarwa ba ƙari. Tsirin nan yana da nasa 'yan birki a jiki masu taƙaita wutar da ke shiga. Ƙwan da ka saya tsirara ba shi da birki ko ɗaya, iya abin da aka ɗura masa zai sha har ya mutu. Don haka direbansa daban ne: yana tsayar da yawan wutar da ke gudana, misali 300mA, ya bar bolt ɗin ya yi sama ko ƙasa gwargwadon yawan ƙwayayen. Iri biyu ne mabambanta, kamar famfo da awon mudu, amma a kwali ɗaya ake zuba su a shago.

Komawa ta biyu ya ba ni babba, wai don ya fi ƙarfi. Fitila ta dinga ƙiftawa kamar siginar mota. Da na faɗa masa, ko ɗago kai bai yi ba: "Wutar unguwarku ce ba ta da ƙarfi, Alhaji, NEPA ce." To, wutarmu ba abin yabo ba ce, kowa ya sani. Amma a jikin direban an rubuta yana karɓar daga bolt 85 zuwa 265, wato ko wutar ta faɗi rabi zai yi aiki. Matsalar tana ɗaya layin, na abin da yake fitarwa, wanda ya fara daga sama da bolt 50. An yi shi ne don jerin ƙwayaye kusan ashirin. Da ya ga goma kacal sai ya ɗauka wayoyi ne suka haɗu, ya kashe kansa, ya sake tashi, ya sake kashewa. Ƙiftawar ke nan. NEPA ta zama bolar da kowane mai ha'inci da kowane malalaci ke zubar da sharar laifinsa.

Na uku shi ne mugun. Bolt ya dace, fitila ta kama tar, har maƙwabta suna tambayar wa ya haɗa min. Kwana huɗu ta yi. Ashe 600mA yake turawa, ninki biyu na abin da ƙwayayen za su ɗauka. LED kuwa in ya yi zafi mutuwarsa kusa take, balle a Kano cikin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ga farantina siriri. Ɗaya ya yi baƙin ɗigo a tsakiya, kuma da yake jerin carbi ne, mutuwar ɗaya ta kashe layin gaba ɗaya. Na mayar, aka nuna min rasit: kayan wuta ba a dawo da su.

Laifi tudu ne, ni ma ina da nawa. Ya kamata in karanta tun farko. Har wani ƙwan na ƙona da hannuna lokacin gwaji, don na jona shi alhali direban yana kunne, wutar da ta taru a ciki ta daka masa lokaci guda. Amma ni fitila ɗaya na haɗa a rayuwata. Wanda ya shekara yana cin abinci da kayan nan, maigidansa bai taɓa zaunar da shi minti goma ya nuna masa lambobi biyu ba? Mai sayar da taya ba zai ba ka ta tirela ka sa wa Keke ba. Me ya sa a kayan wuta, inda kuskure kan iya kama silin da gobara, aka yarda da "gwada ka gani"? Wasu direbobin masu araha ma ba su raba wutar gida da ɓangaren fitila ba, ka taɓa farantin ta ja ka, kuma ba wanda zai gargaɗe ka.

A karo na huɗu wani shago na shiga, da mita a aljihu. Na ce a ba ni mai 300mA wanda ke fitar da bolt 24 zuwa 42. Mai shagon ya zazzage kwalin a kan tebur ya ce, "Malam, duba da kanka." Sai da na juya guda goma sha ɗaya kafin na same shi.