"Ba Gajiya"? Wa Ya Ce?

Ƴan uwa, lokacin da korona ta shigo Nijar a Maris 2020 aka rufe makarantu da masallatai, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai. Kowa ya tattaru gida. To, kan wa nauyin ya faɗa? Inna da Yaya: girki, wanki, hayaniyar yara, ga fushin maigida da kasuwa ta tsaya masa. Ka ce "ina gajiya?", ta ce "ba gajiya", alhali tunani ya hana ta barci.

Hutun mace ba ƙyuya ba ne. Ƴar uwa, ɗan kishingiɗa bayan azahar, kira ƙawarki ki amayar da damuwarki. Kai kuma saurayi, aje waya ka ɗauki tsintsiya. In Inna ta kwanta ciwo, gidan duka ya kwanta.