Wayar da ke hannunka taka ce, ko ta kamfani?

Daren jiya a fadarmu ta Gaweye, nan kusa da Gadar Kennedy, har aka sauke shayi na uku gardama ɗaya ake yi: iPhone ko Android? Wannan ya ce kyamara, wancan ya ce batir. Ni kuwa hankalina yana kan wani abokinmu da ya yi shiru. Yayansa ya aiko masa da iPhone daga Amurka, wata biyu ke nan ba ta taɓa kama rezo ba, domin a kulle take da layin wani kamfanin can. In zai yi kira, ƙaramar Itel yake zarowa daga aljihu.

'Yan uwa, gardamar da ta kamata mu yi ke nan. Tsakaninka da Apple ko Google akwai na uku, wato kamfanin da ke ba ka layi, kuma sau da yawa shi ke da maganar ƙarshe.

A Amurka tun farko haka aka ɗaura abin. Da iPhone ta fito a 2007, layin AT&T kaɗai take ɗauka a ƙasar, sai a 2011 Verizon ya samu shiga. Wayar Android ta farko ma, a 2008, ta hannun T-Mobile ta fito. Kamfanin layi ya ba ka waya ka riƙa biya wata-wata, shi kuma ya ɗaure ka. A 2022 Apple ya ƙara wani mataki: iPhone 14 da ake sayarwa a Amurka ba ta da wurin sa pis ko kaɗan, sai eSIM.

Mu a Nijar akasin haka muka saba. Waya a kasuwa, pis daban. Ka ga dama ka sa Airtel, ka ga dama Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya gane mu da wuri: ya kawo waya mai pis biyu, ya cika kasuwa. Kowa ya san dalili. Layin da ke da ƙarfi a Yamai ba lalle ya kama a ƙauyen su inna ba. Wannan ya tsauwala kuɗin forfe, ka juya wancan. Wallahi ɗan ƙarfin da mai saye yake da shi bai wuce wannan ba.

To, ƙarfin nan ana iya ƙwace shi cikin ruwan sanyi. A Kenya, a 2020, Safaricom ya haɗa kai da Google ya fara ba da wayar Android bashi, ana biyan shilin 20 a rana. Ka daina biya, waya ta kulle kanta daga nesa. Ban ce tsarin mugu ne ba. Talaka da bai iya zuba jika hamsin lokaci guda zai samu waya, kuma ni ma zan so ƙanwata ta samu. Amma wanda ke iya rufe maka waya daga ofishinsa, dole a sa masa iyaka.

Shi ya sa nake kira ga hukumar ARCEP da ta shimfiɗa ƙa'ida tun da sauran lokaci. Wayar bashi ta buɗe ranar da aka gama biya, ba tare da ƙarin ko dala ba. Kar a toshe wurin pis na biyu. A bayyana sharuɗɗa da Hausa da Zabarmanci, ba Faransanci kaɗai ba. Mai sayar da waya ta hannu kuma ya faɗa wa mai saye in a kulle take.

Kai kuma, kafin ka miƙa kuɗi, sa pis ɗinka a ciki ka yi kira a gaban mai shago. Kafin ka ce a aiko maka daga waje, tambayi ko a buɗe take. Abokinmu bai tambaya ba, ga shi yana yawo da waya biyu, mai arhar ce ke aiki.