Siyasa Ta Sakar Wa Aikin Hudson Mara

A watan Oktoban 2025, lokacin da jihar New York ke bikin cika shekara 200 da buɗe hanyar ruwa ta Erie, gwamnatin Trump ta riƙe kusan dala biliyan 18 na ayyukan sufurin birnin New York, ciki har da sabuwar hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin Kogin Hudson. Ra'ayinmu a fili yake: bai kamata a riƙe kuɗin nan ba.

An ce wai ana duba ƙa'idojin ba da kwangila ne. Duba ƙa'ida ba laifi ba ne, amma jagororin 'yan adawa a majalisun tarayya biyu, Schumer da Jeffries, duk 'yan New York ne, kuma babu yaro a cikinmu.

Haka aka yi wa DeWitt Clinton. Ya nemi tallafin tarayya don haƙa hanyar da za ta haɗa Hudson da Tafkin Erie, Shugaba Madison, wanda ya kayar da shi a zaɓen 1812, ya ƙi sa hannu kan dokar kuɗin ayyuka a 1817. Clinton bai naɗe hannu ba. A shekarar ya zama gwamnan New York, jihar ta ci bashi, aka fara haƙa. Abokan gaba suka riƙa kiran aikin kwatamin Clinton. Da suka ga ya kusa kammaluwa, mutanen Martin Van Buren suka tsige shi daga hukumar aikin a 1824, kujerar da ko albashi ba ya karɓa a kanta. Jama'a suka fusata, suka mayar da shi gwamna a zaɓen shekarar. A 1825 aka buɗe hanyar mai tsawon mil 363, kuɗin dakon kaya ya faɗi warwas, New York ta zama babbar tashar jiragen ruwan Amurka.

Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin Hudson kuwa tun 1910 take aiki, ruwan gishirin guguwar Sandy ya ci ta a 2012. Ba mu manta ba, Gwamna Chris Christie na New Jersey ne ya soke wani yunƙurin gina sabuwa a 2010. Ma'aikacin da ke shiga jirgi kullum da asuba shi ke biyan wannan taurin kai, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Amurka ta daɗe tana yi wa ƙasashenmu wa'azin kada a yi ramuwar gayya da dukiyar jama'a. To, ta fara da gida. Kada a riƙe kuɗin, a bar magina su ƙarasa aikinsu.